Ku koyi dira kafin ku koyi tsalle

Ƙannena samarin Shara Mansur da Hindawiyya, da duk mai bin katangun Makka da yamma da sunan parkour, ko barkur yadda kuke faɗa, yau da ku nake.

Watan jiya ɗan yayata mai shekara 14 ya diro daga kan katangar da ta fi babban mutum tsawo, da silifas a ƙafa, abokinsa na ƙasa riƙe da waya yana ɗauka. Ban ga dirar ba, ƙararta na jiyo daga cikin gida: tim! kamar an yar da buhun shinkafa. A kan dunduniya ya sauka, gwiwa a sandare. Ga shi can yanzu da filasta har ƙauri, uwarsa ke kai masa ruwan alwala. Bidiyon ma kunya ta hana su ɗorawa.

Ba cewa zan yi ku daina ba, don wasan yana da asali mai kyau. A ƙarshen shekarun 1980 ya taso a garuruwan Lisses da Evry da ke kudu da Faris, a hannun David Belle da abokansa. Mahaifinsa Raymond soja ne kuma ɗan kwana-kwana, hawa da tsallake shinge a wurinsa aikin ceton rai ne. Shi ma tushen horon yana komawa ga wani hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert, wanda takensa shi ne mutum ya yi ƙarfi domin ya amfani jama'a. To kai da ka karye don baƙi su kalle ka a TikTok, wa ka amfana?

Waɗanda kuke gani suna shawagi daga soro zuwa soro sun shekara da shekaru a ƙasa, inda babu mai ɗaukar su hoto. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma a wannan wasa rarrafen na gaske ne: tafiya da hannu da ƙafa, gaba da baya, har sai wuyan hannu da kafaɗa sun yi ƙwari. Daga nan sai dira. Ka samu dakalin bakin titi ko matakala ta farko, ka diro a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya ja baya kamar mai shirin zama, kada gwiwoyin su karkato ciki suna neman juna. Sannan ka kasa kunne. Kunnenka ne malaminka a nan: in ka ji tim, gaɓoɓinka ne suka sha dukan, in ka sauka shiru kamar kyanwa, tsoka ce ta ɗauki nauyin. Muddin dirarka daga tsayin gwiwa tana ƙara, ba ka da abin nema a tsayin ƙugu, balle katanga.

Birgima kuma a kan ciyawa ko yashi ake fara ta, ba a kan tayil ba. Daga bayan kafaɗa ɗaya take bi a karkace zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, haɓa a sunkuye, kai bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya bi ta tsakiyar gadon baya, shi da likita.

Ku 'yan ƙasa da shekara 16 ku ƙara kula. Bakin dogayen ƙasusuwanku bai gama ƙosawa ba, ta nan kuke ƙara tsawo, kuma rauni a wurin yana iya sa ƙafa ta girma a karkace. Ciwon da ke zama a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya kwana da kwanaki, hutu yake nema, ba jarumtaka ba.

Ga kuma ranar garin nan. Ƙasar da ta hana ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba a banza ta yi ba. Ƙarfen da ya wuni a rana zai sa ka sake shi ba shiri kana sama. Ka fito bayan asuba ko dab da magariba, da gorar ruwa da takalmin kambas mai kama ƙasa. Duk abin da za ka taka, ka fara girgiza shi da hannu, ka share ƙurar kansa. Kada ka fita kai kaɗai, kuma abokin naka ya san 997 ce lambar motar asibiti, ba ɗaukar bidiyo kawai ba.

Maganar soron mutane kuwa, ku bar ta gaba ɗaya. Can ne iyayenmu mata ke shanya, ga wayoyin lantarki, ga tankin ruwa, ga hakkin maƙwabci. In mai gida ya kira shurɗa, wato 'yan sanda, mahaifinka ne zai je yana ba da haƙuri da furfurarsa.

Shi ɗan yayata na riga na gaya masa: ranar da aka cire filastar, likita ya sallame shi, ni da kaina zan raka shi dakalin ƙofar gida. Zan juya masa baya, ya yi ta dira, sai na daina jin saukarsa.