Gwajin ganye a kan ɓera ba ya nufin an samu magani

A Kaduna, da an ji masu bincike a wata jami'a sun gano wani ganye yana rage sukari a jini, sai wasu masu ciwon suga su ajiye allurarsu su koma dafa ganyen. Wannan kuskure ne, kuma yana iya kai mutum gadon asibiti.

Yawancin irin wannan binciken da ɗalibai da malamai ke wallafawa a sassan harhaɗa magunguna, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a wata jami'ar, a matakin farko yake. Ana shanya ganyen, a niƙa, a jiƙa shi a ruwa ko wani sinadari, a tace, sannan a ba ɓeraye gwargwadon nauyinsu, miligiram kaza ga kowane kilo. Tukunyar gida ba ta da wannan awo. Ganyen da aka tsinko da damina ma ƙarfinsa na iya bambanta da na rani, kuma wani ganyen yana taɓa hanta ko ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba.

Kafin a kira abu magani, sai kwamitin ɗa'a, mai kare haƙƙin waɗanda za a yi gwaji a kansu, ya amince a gwada shi a jikin mutane: da farko mutum 20 zuwa 100 don ganin illarsa, sai ɗaruruwan majinyata, sai dubbai. Bayan nan ne hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ke duba shi kafin ta yi masa rajista. Magunguna da yawa a waɗannan matakan suke faɗuwa.