Wa zai karɓo mana kuɗinmu a hannun manyan 'yan kwangila?

Duk aikin titi ko magudanar ruwa da gwamnati za ta ba da, sai ka ji ana cewa za a tafi da ƙananan kamfanonin gida. Tun 2017 aka sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 3, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ma'aikatu ke kashewa a kan kaya irin su kayan gini ya tafi ga na gida. A 2018 Buhari ya ƙara da mai lamba 5, shi ma kan fifita kamfanonin gida. To mu masu buga bulo da kawo yashi da tsakuwa, a rediyo muke jin wannan gatan.

Neman aikin kai tsaye ma ba namu ba ne. Za a ce ka kawo rajistar hukumar kamfanoni (CAC), da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardar hukumar fansho (PenCom), da ta asusun horar da ma'aikata (ITF), da ta inshorar ma'aikata (NSITF), da rajistar hukumar kula da kwangilolin gwamnati (BPP), yawancinsu kuma duk shekara sai an sabunta. Mai tifa biyu da 'yan leburorinsa ina ya ga wannan? Dole ka raɓa da babba, ya yanko maka kwalbati da gefen kwata a farashin da ya ga dama.

Shi babban, doka ta tsaya masa. Yana iya karɓar kuɗin kafin alƙalami har kashi 30 cikin 100, wanda a da 15 ne. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 kuma ta ce in ma'aikata ta riƙe masa kuɗi sama da kwana 60, sai ta biya shi da ruwa. Ni ba ruwan nake nema ba, Allah ya kiyaye, uwar kuɗina nake so. Amma ma'aikatar ba ta san da zamana ba, sunana ba ya cikin takardar kwangila.

Na zuba kankare, injiniya ya zo ya auna, ya sa hannu, an buɗe hanya motoci suna bi ta kan kwalbatin da na gina. Ka je ofishin babban kamfanin na kwantena a bakin aiki, akawu ko ɗago kai ba zai yi ba: "Alhaji, a yi haƙuri, ba a saki kuɗi ba." Ka kira manaja, wai yana Abuja. Alhali kowa ya ga sabbin motocin da suka shigo yadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan! Lebura kuwa ba ya jiran Abuja, in yamma ta yi sai ka sallame shi. Mai rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da ya ba ni bashi saboda mutunci, yanzu ta bayan layi nake zagaye shagonsa. Siminti ya ninka kuɗi tun bayan cire tallafin mai a 2023. Su an sake musu lissafin kwangila, ni an ce farashin da muka yi da baki shi ne.

Gyaran ba wani mai wuya ba ne. A rubuta sunan duk ƙaramin ɗan kwangila da abin da yake bi a cikin takardun aikin, kuma kada ma'aikata ta biya kashi na gaba sai babban ya kawo shaidar banki cewa ya sallami na ƙasa da shi. Wanda ya ƙi, a cire daga kuɗinsa a tura mana kai tsaye.