Littafin "lakwal ɗin mayu": a karanta tukuna kafin a ƙwace

Hutun da ya wuce na je Tawa gaida gida, na tarar da rigima tsakanin yayata da ɗiyarta wadda ke ajin katiriyam a kolej. Duk a kan wani tsohon littafi ne da bangonsa ya nannaɗe, yarinyar ta aro wurin ƙawarta. Yaya ba ta yi nisa a lakwal ba amma ta gane kalma guda a bango, sorciers, wato mayu da Faransanci, shi ke nan ta ƙwace ta cusa ƙarƙashin katifa. "Kai da ka yi boko duba mini, maita ɗiyar ga za ta koyo?" Ita ko yarinya tana gefe tana share hawaye da bakin hijabi, "wallahi Kawu labari ne kawai."

Harry Potter ne na farko, labarin wani maraya da ya shiga makarantar sihiri, wanda ya fito a Ingila 1997, aka fassara shi da Faransanci 1998, kuma a fassarar ne aka sa masa sunan makarantar sorciers ɗin. Ni ban ga laifin Yaya ba. A wurin Bature kalmar nan tsoho ne mai doguwar hula da ɗan sanda, mu ko a nan idan aka ce wane maye ne ai ba wasa ba ne, magana ce ta kama kurwa, ana iya rasa miji a kanta, a ƙaurace wa gida guda har jikoki. Ga addini, sihiri haramun ne, aya ta 102 a Baƙara ta yi maganar Haruta da Maruta ƙarara. To uwa ta ga haka a hannun ɗiyarta ka ce kar gabanta ya faɗi?

Amma fa mu faɗi gaskiya, da me aka rene mu? Dodo mai haɗiye gari guda, Gizo da ƴan dabarunsa, layar zana da in an ɗaura mutum sai ya ɓace, baduhu, sagau. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 akwai aljannu a ciki, an karanta shi a aji shekara da shekaru kuma ban ji wanda ya ajiye shi ya tafi neman boka ba. Yaro ya san bambancin "ga ta nan ga ta nanku" da abin da ake yi da gaske, wani lokaci ma ya fi mu sani.

Ni da na karanta irin littattafan nan da dama, abin da na lura shi ne sihirin ado ne kawai, ainihin labarin na zaman lakwal ne. Mushen lakwal mai tsanar yaro ba gaira ba dalili, ɗan masu kuɗi da ke raina mai tsohon kaya, tsoron jarabawa, aboki da za a kore ku tare. Duk wanda ya yi zaman antarna, wato makarantar kwana, nesa da gida, ko ya kwana yana haddar darasi ƙarƙashin fitilar titi saboda BEPC, jarabawar gama kolej, zai gane kansa a ciki. Shi ya sa yarinyar da ba ta iya gama shafi biyu na littafin aji ta cinye shafi ɗaruruwa cikin kwana huɗu, da Faransancin da ake ta kukan yaranmu ba su iya ba.

Inda nake auna irin littattafan nan wani wuri ne daban, kuma nan ne da yawansu ke faɗuwa. Shin ikon nan yana da farashi? In yaro ya kaɗa sanda komai ya gyaru, ba gumi ba asara, wannan labarin ragwanci yake koyarwa. Mai kyau shi ne wanda ɗalibi ya yi girman kai da iliminsa ya jawo wa kansa bala'i, ya zo yana gyara da hannunsa. Sai kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar gado. Kusan kullum jarumin an haife shi da baiwar ne, wasiƙa kawai ke iske shi yana shekara 11, wanda ba a haifa da ita ba ko ƙofar makarantar ba zai gani ba komai ƙoƙarinsa. Na sani littattafan bakwai na Harry Potter suna sukar masu taƙama da asali, har yarinyar da ta fi kowa ƙwazo iyayenta ba su da komai na sihiri, amma ita ma ai da abin aka haife ta. A ƙasar da yara suka riga suka saba jin "sai kana da wani a sama", ban so a ƙara musu da cewa har a mafarki sai ɗan wane.

Kuma ina namu? Tun Maris 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma zagaya masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a Yamai ka nemo wa ɗan shekara 13 labari mai daɗi da Hausa wanda ba na soyayya ba. Ga Sarauniyar Lugu da ta tari sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, har yau ana ba da labarin asiranta, ga tsaunukan Adar, kayan labari jibge ba mai taɓawa, yaranmu na can suna mafarkin ƙanƙara da mujiya mai kai wasiƙa, mujiyar da mu in ta yi kuka bisa katanga sai an yi a'uziyya.

A ƙarshe Yaya ta fito da littafin, da sharaɗi, sai an gama wanke-wanke kuma duk babin da aka karanta a ba ta labarinsa da Hausa. Daren farko yarinyar ta daɗe tana in'ina a kan kalmar nan ta bango, ta kasa cewa mayu a gaban uwarta, can dai ta ce "masu siddabaru ne Inna." Yaya ta gyara zama ta ce to ci gaba, shi marayan wa ya kashe mishi iyaye?