Ɗan Gayu da Akwatin Gilashi

Ɗan Gayu ya dire kwamfutarsa a kan teburin mai gyara, Marowaci yana biye da shi don ya ga yadda kuɗin wani za su salwanta.

ƊAN GAYU: Malam Injiniya, ka duba mini wannan na'ura, domin da zarar na fara wasa a kanta sai ta kama gurnani kamar jirgi zai tashi, daga nan ta koma tafiyar hawainiya, alhali babu wanda ya taɓa ganinta bai yaba kyanta ba.

INJINIYA: Kyau kam tana da shi, ranka ya daɗe. Ga gilashi ta gaba, ga gilashi ta gefe, ga fitilu suna ta sauya launi. Abin da ya rage shi ne ka nuna mini ƙofar da iska take shiga.

ƊAN GAYU: Ai don iskar na sa mata fanka har shida.

INJINIYA: Uku daga cikinsu suna manne da gilashin gaba, tazarar da ke tsakani ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, don haka juyawa kawai suke yi, kamar wanda aka toshe wa hanci aka ce ya yi tsere. Idan zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya doshi digiri 95 zuwa 100, ita da kanta take rage gudu don kada ta lalace, wannan ce hawainiyar da kake gani.

MAROWACI: Tun farko na gaya masa ya cire murfin gefe ya juyo mata fankar ɗaki. Tawa shekara bakwai ke nan ba ta san murfi ba, ban kuma kashe ko sisi ba.

INJINIYA: Na tuna taka, Alhaji. Ita ce wadda na ciro wa ƙura mai kaurin bargo, na kuma tarar da gizo-gizo ya yi aure a ciki har ya tara iyali.

MAROWACI: Bai dai taɓa neman in ciyar da shi ba.

INJINIYA: Akwatin kirki shi ne wanda gabansa raga ce, iska mai sanyi ta shigo ta nan, ta ratsa kan katin hoto, wato sashen da yake sarrafa hotunan wasa, da ƙwaƙwalwa, sannan ta fice ta baya da ta sama. An fi so wadda take shiga ta ɗan rinjayi wadda ake fitarwa, kuma ta biyo ta matatar ƙura, saboda ragowar ta riƙa tsiyaya waje ta ƴan kafofin akwatin maimakon su riƙa zuƙo ƙura. Idan akwatin zai ɗauki fanka mai faɗin milimita 140, ta fi ta 120 daɗin zama, domin tana tura iska mai yawa ba sai ta yi gudun da zai hana ka barci ba.

ƊAN GAYU: To, idan dole ne in sauya, na ga wani ɗan ƙarami tsaf-tsaf, wanda zai zauna kusa da madubina.

INJINIYA: Allon da ake dasa kayan kwamfuta a kansa girma-girma ne: wancan akwatin na ƙaramin allo ne da ake kira Mini-ITX, mai santimita 17 tsawo da faɗi, allonka kuwa ATX ne, wanda tsawonsa ya ɗan haura santimita 30. Kafin a sayi akwati sai an auna tsawon katin hoto da tsayin abin sanyaya ƙwaƙwalwa, in ba haka ba murfi ya ƙi rufuwa.

MAROWACI: Idan katin ya yi tsawo ina da zarto, amma haya nake bayarwa.

Injiniya bai tanka ba. Ya kunna kwamfutar, ya yagi ƴar takarda ya kai ta bakin fankar baya. Maimakon iska ta hure ta, sai takardar ta manne. Ya gwada na sama, su ma haka.

INJINIYA: Wane ne ya ɗaura waɗannan fankoki?

ƊAN GAYU: Ni ne da hannuna. Na lura kowace tana da fuska mai kyau da kuma ƙeya mai sanduna da waya, sai na juya fuskokin duka suna kallon waje saboda baƙi.

INJINIYA: Ta ƙeyar nan iska take fita, yawancinsu ma akwai ƴar kibiya a gefe da take nuna hakan. Ka tara fanka shida kowace tana cewa a shigo, babu ko ɗaya mai cewa a sauka lafiya.

ƊAN GAYU: Yanzu idan na sayi mai ragar, za a riƙa hango fitilun?

INJINIYA: Za a hango su, sai dai dishi-dishi.

ƊAN GAYU: To kafin nan ka mayar mini da su shuɗaye, domin na daɗe ina zargin jan nan ne yake ƙara mata zafi.

MAROWACI: Ka kashe su gaba ɗaya a huta da cin lantarki. Tsohon akwatin kuma kada ka wahalar da kanka da ɗaukarsa, ni zan taimaka in tafi da shi, tunda iyalin gizo-gizon nan sun fara yi wa tawa yawa.