Ranar da Na Nemi a Gwada Jinin Hannun Roba

Ku da muke aji ɗaya kun san ni na fi kowa maki a gwajin kare kai daga kamuwa da cuta, kuma ban bar kowa ya manta ba. To, ranar Laraba alhakinku ya kama ni.

Muna ɗakin koyon aiki, kowa da hannun robarsa, wato hannun mutum na roba da ake gwaji a kansa, ana koyon yin allura. Na yi tawa tsaf, na zare. Ga akwatin zubar da allurai a gabana, ko taku biyu babu. Amma sai hannuna ya ɗauko murfi, kamar ba ni ce na cika shafi guda ina bayanin cewa ba a mayar wa allura murfinta ba, in ma ya zama dole to a kwantar da shi a tebur a ɗebo shi da hannu ɗaya. Murfi a hagu, sirinji a dama, na auna, na kuskure. Caraf, ta huda safar hannu ta shige babban yatsa.

Abin da ya biyo baya ne ke hana ni barci. Na fizge safar, na cusa yatsan a baki ina tsotsa. Ni fa! Malama ta sauke tabarau ta ce, "Ke 'yata, me littafinki ya ce?" Wallahi da yatsa a baki na karanto mata: a wanke da sabulu a bakin famfo, ba a matsawa, ba a tsotsa, a sanar nan take. Ta ce, "Madalla. To yanzu me kike yi?" Aji ya yi tsit. Na zaro yatsan a hankali ina kallonsa kamar na wani ne.

A bakin famfon ne lissafi ya dawo mini. In allurar da aka yi wa mai ƙanjamau ta soki mutum, wajen mutum 1 cikin 300 ke kamuwa. Ciwon hanta nau'in B kuwa yana kai kashi 30 cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba, ni kuma allurar rigakafin biyu na yi cikin uku, don tsoron allura nake ji, kada wanda ya ce komai. Na juyo da hawaye na ce, "Malama, maganin kariya daga ƙanjamau ɗin nan na kwana 28, ai kafin awa 72 ake farawa, yaushe za a gwada jinin majinyacin?" Ta nuna hannun roba da biro ta ce, "Ga shi nan, nemi izininsa."

Kowa ya yi dariya, na yafe. Ban da wata 'yar ajinmu, mutuniyar taku. Ita da ke cika akwatin allurai ya wuce layin kashi uku cikin huɗu, har tana danna su da yatsa, ita ce ta zube ƙasa tana riƙe ciki! Da littafina ta ci gwajin nan fa. Washegari na tarar ta liƙa wa hannun takarda: "Sakamako ya fito, lafiyata ƙalau." Rubutunta ko a duhu na san shi, ba ta iya rufe harafin a.

Duk da haka sai da Malama ta sa na cika fom ɗin rahoto, wai in saba. Wajen sunan majinyaci na bar shi fayau. Allurar rigakafi ta uku kuma an ce in je Litinin. Littafin nawa dai har yau mutuniyar taku ba ta dawo da shi ba.