Dillalin da ya cinye min kasuwa

Kun san dai tun da ubangidana ɗan kama ya tsufa ya zauna ni nake zagayen, yau gidan biki gobe bakin kasuwa, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari in an samu kuɗin mota. Shi da gangarsa yake yi da tafsirin tuwo da miya, ni kuwa zamani ya ba ni lasifika. To wani biki na je, na ƙanin wani mai shagon caji ne, a ƙauyensu can bayan Gumel, bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari.

Na fara lafiya lau wallahi. Na taɓa Haɗejawa aka yi dariya, kun san Gumalawa ko tari ka yi da sunan Bahaɗeje sai sun kwanta. Na ga wuri ya yi zafi sai na ce bari in saki babban, wanda nake ci da shi tun canjin kuɗi na 2023, na Bafulatanin da ya kai saniya kasuwa dillali ya ce babu tsabar kuɗi sai dai tiransifa. Labarin nan jan sa nake yi a hankali, in yi muryar Bafulatani, in dafa sanda a kafaɗa, in yi yadda yake leƙa wayar dillali yana neman inda kuɗin suka shiga, har in kai inda zai kama igiyar saniyarsa ya juya. Nan ne nake yin shiru kaɗan, in kalli jama'a, sannan in saki.

Na yi shirun nan kenan janareta ya ce fut. Duhu. Lasifika ta mutu a hannuna.

Kafin in buɗe baki sai wata murya daga bayan tabarmar dattawa ta ce, da muryar Fulanin ma fa, wai "to ka je gida, in netwok ya dawo za ka ji ta yi kuka a garkenka." Jama'a wuri ya fashe. Har mata da ke leƙe ta saman danga sai da na ji guɗa. Ni ina tsaye riƙe da mataccen ƙarfe bakina a buɗe, wani yaro kuma ya dalle ni da tocilan a fuska kamar an kama ɓarawon akuya, bai sauke ba har aka gama dariyar.

Baban nan ne mai jar dara, dillalin shanu, duk kasuwar da na je sai na gan shi a gaba-gaba yana cin goro, bai taɓa ba ni ko naira hamsin ba, bai ma taɓa yin murmushi ba, ashe hadda yake yi. Na daure na ce Baba ai sai ka bari in ƙarasa sana'ata. Ya ce ɗana ai na ga wuta ta ɗauke maka ne na taya ka, kuma ma ba haka aka yi ba, ba saniya ba ce bijimi ne, ni ne dillalin. Labarin da na ƙirƙira da kaina a bayan akori-kura tsakanin Ringim da Gujungu! Wai shi ne dillalin. Ya miƙe ya gyara babbar riga ya shiga ba da shi daga farko, da sunan rugar da kalar bijimin da komai, abokan ango suka tashi suka koma wajensa, ina ji ina gani ɗari biyu-biyun da aka canzo domina ana manna su a goshin tsoho, yana cewa a'a ku bari ku bari yana turawa a aljihu.

Shi kuma mai janareta ban yafe masa ba. Tun da aka cire tallafin mai mutumin nan da murfin jarka yake auna fetur, an ba shi kuɗin lita biyu na tabbata ɗaya ya zuba. Ina ta masa alama ya tayar, yana can ya riƙe ciki yana dariyar dillali, igiyar ma ba ta hannunsa. Da ya tashi tayarwa kuma sai da DJ ya sa waƙa, shikenan an wuce wajena. Kuma mai janaretan nan bashin caji nake bin sa, a'a bashin kati, tun azumi.

Da safe uban ango ya sallame ni da kuɗin mota da ƙullin dambu, ya ce wasa ya yi kyau musamman wajen bijimin nan. Na ce na gode Alhaji.

Alhamis ɗin da ta biyo na tsallake Maigatari, na ce kaina ke ciwo. An ce dillalin ya je ya tambaya ko ina da sabo.