Karatu Aka Ce wa Alhaji

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, watan Janairu, a wani ɗakin koyon karate da ke Tokyo. Lokacin kangeiko ne, atisayen da Japanawa ke yi da gangan a tsakiyar hunturu, ƙafa ba takalmi. Bakano kwanansa tara da sauka. Bazazzagi ya shekara biyu a garin, don haka shi ne tafinta.

Bakano: Kai bawana, sa wani ya rufe tagar nan. Haƙorana sai kaɗa kalangu suke.

Bazazzagi: Da gangan aka buɗe ta, wai sanyi yana gyara zuciya. Kuma ka iya bakinka, a nan ni ne senpai, wato na gaba da kai. Ungo.

Bakano: Mene ne wannan?

Bazazzagi: Tsumma. Ka duƙa, ka dafa shi da hannu biyu, ka tura shi a guje daga wannan bango zuwa wancan.

Bakano: Ni? Yara uku na bari a Kantin Kwari suna share mini shago. Na biya kuɗin jirgi, na keto rabin duniya, a miƙo mini tsumma? Wallahi da Alhaji zai gan ni, sai ya ce a dawo masa da kuɗinsa. Karatu na ce masa zan zo.

Bazazzagi: Karatu ka ce ko karate?

Bakano: Layin ne ba kyau ranar. Harafi ɗaya ne tsakani, ni ban ga abin ƙarya a ciki ba.

Bazazzagi: To duƙa. Shi kansa Gichin Funakoshi, wancan da hotonsa ke rataye a bango, da ya kawo karate Tokyo daga tsibirin Okinawa a 1922, a ɗakin kwanan ɗalibai ya sauka, yana yi musu shara da gyaran lambu. Malamin makaranta ne fa a garinsu.

Bakano: Allah sarki. Ashe abin gado ne.

(Aka gama goge daɓen. Sensei ya shigo, tsoho ne ɗan firit, kansa fari fat. Kowa ya durƙusa ya zauna a kan dugadugansa.)

Bakano: (da raɗa) Wannan ne malamin? Iska mai ƙarfi ma sai ta kai shi Koriya.

Bazazzagi: Yi shiru. An ce mokuso, a rufe ido, a kawar da komai daga zuciya.

Bakano: Na kawar da komai, saura tuwo da miyar kuka, sun ƙi fita. Kai, tambaye shi mana, baƙar ɗamarar nan ta ƙugunsa, nawa zai sallama?

Bazazzagi: Ba ta sayarwa ba ce.

Bakano: Haka kowane mai kaya yake cewa da farko. Dubi bakinta duk ya zare, har ta fara fari. Kwance ce. Ka taya mini rabin kuɗin sabuwa.

Bazazzagi: Tsufan nan nata shi ne darajarta. Kai da fara za ka soma, ka bi matakan kyu ɗaya bayan ɗaya, shekara uku ko huɗu in ka dage, sannan a ba ka dan na farko.

Bakano: Ɗan wa za a ba ni? Ni ko aure ban yi ba.

Bazazzagi: Dan, ba ɗa ba! Matakin masu baƙar ɗamara. Na farkon ma shodan suke ce masa, ma'ana yanzu ka fara.

Bakano: Shekara huɗu sannan a ce yanzu na fara? Ko yaron shago shekara huɗu ai an yaye shi an ba shi jari.

(Sensei ya daka tsawa. Kowa ya miƙe, ya ware ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa.)

Bazazzagi: Kiba-dachi kenan, tsayuwar mahayin doki. Sauka ƙasa. Ƙara sauka.

Bakano: Ina dokin?

Bazazzagi: Babu doki.

Bakano: Mu a Kano in za a yi hawan daushe, da doki ake yi. Wannan ai tsugunon mai ciwon ciki ne a tashar mota.

Sensei: Ichi! Ni! San! Shi! Go!

Bakano: Me ya sa yake cewa "ni" da "shi"? Ni da wa za a haɗa?

Bazazzagi: Ƙirga yake yi. Biyu da huɗu kenan. Naushi ɗari za ka kai.

Bakano: Wa zan nausa?

Bazazzagi: Iska.

Bakano: Me ta yi mini? Ka ga, ni fa na yi dambe. A naɗe maka hannu da zare, makaɗi ya wasa ka, ka yi kirari, turmi uku a gama, a yi maka liƙi. Nan ba kiɗa, ba laya, ba liƙi, ga hannu tsirara.

Bazazzagi: Ma'anar sunan kenan. Karate, hannu ba komai.

Bakano: A kasuwa hannu ba komai sunansa karayar arziki.

(Naushi ya kai tamanin. Cinyoyin Bakano suka fara rawa kamar mazari.)

Bakano: Ɗan uwa, don girman zumunci, yaya ake cewa na gaji, a bar ni in huta?

Bazazzagi: Ɗazu bawa, yanzu ɗan uwa? To, ka ɗaga murya ka ce "mo ikkai". Da ladabi.

Bakano: Sensei! Mo ikkai!

(Fuskar tsoho ta washe. Ya nuna Bakano shi kaɗai, ya fara ƙirga daga ichi. Sauran ɗalibai suka koma gefe suna shan iska.)

Bakano: Bai ji ba ne?

Bazazzagi: Kunnensa ya yi nauyi, tsufa. Ƙara ɗaga murya.

Bakano: MO IKKAI!

Sensei: Osu! Ichi! Ni! San!

(Bayan ɗari na uku aka tafi karin kumallo. Bakano ya kasa riƙe tsinkayen cin abinci.)

Bakano: Wannan mai yauƙin da ke kan shinkafa, wa ya zuba ɗanyar daddawa a kwanona?

Bazazzagi: Natto ne. Waken suya ne da aka bari ya ruɓa, kamar dai yadda ake daddawa.

Bakano: To ai daddawa a miya ake sa ta, ba a ba baƙo ita da safe. Wannan farin kuma?

Bazazzagi: Tofu.

Bakano: Awara ce! Awarar da yara ke soyawa a bakin layinmu. Ba a soya ba, ba yaji, ba kabeji, an jefa ta a ruwan zafi tana iyo. Bazazzagi, mutanen nan suna da kaya, kasuwa ce ba su iya ba. A ba ni kasko da mai da yaji a bakin tashar Shinjuku, in wata shida ya yi ban sayi gida ba ka canza mini suna.

Bazazzagi: Cinye ka tashi. Saura kumite.

Bakano: Kwamiti? Alhamdu lillahi, za a zauna. A sa ni ma'aji.

Bazazzagi: Karawa ce, mutum da mutum.

Bakano: Yauwa! Abin da ya kawo ni kenan. A fito mini da ƙaton cikinsu.

(Aka fito masa da wata dattijuwa mai tabarau, tsawonta bai wuce kafaɗarsa ba. Ta sunkuya ta gaishe shi.)

Bakano: A'a. Wannan ai sa'ar Hajiya ce. Ni ban taso a gidan da ake ɗaga wa uwa hannu ba.

Bazazzagi: Ita ma ba za ta fara ba. Funakoshi ya ce babu fara kai hari a karate.

Bakano: To in ni ban fara ba, ita ba ta fara ba, sai mu tsaya muna kallon juna har la'asar?

Bazazzagi: Kai aka ce ka kai naushin, ita ta tare. Darasi ne.

Bakano: Iya, ki yafe ni, umarni ne.

(Ya miƙa hannu a hankali. Abin da ya sani na gaba shi ne yana kwance yana kallon rufin ɗaki, dattijuwa ta tsayar da dunƙulen hannunta dab da hancinsa, ta sake sunkuyawa.)

Bakano: Wa ya kashe fitila?

Bazazzagi: Ba a kashe ba. Ƙafarka ta share.

Bakano: Santsi ne. Ni na goge wurin nan da hannuna, na san aikina. Kada labarin nan ya je Zariya.

Bazazzagi: Ya riga ya wuce Kwangila.

(Aka sake jeruwa don rufe darasi da tsayuwar doki. Wannan karon kowa da kowa ne, har Bazazzagi, wanda gumi ya jiƙe wa riga duk da sanyin.)

Bazazzagi: Daure, ɗari ɗaya ne kawai a tashi. Ni kaina gwiwata ta fara magana.

Bakano: Na yi wani lissafi ɗazu ina kwance. Sau biyu na faɗi kalmar nan taka, sau biyu aka ƙara mini ɗari. Ba a yi wa Bakano ƙwange a awo. "A sake" take nufi ko?

Bazazzagi: Haba mutumina, wasa ne. Tsakanin Kano da Zazzau ai ba a riƙo.

Bakano: Kuma na lura tsohon nan ya ɗauke ni jarumi, duk abin da na roƙa ba ya hana ni.

Bazazzagi: Tsaya. Yanzu fa in ka faɗa, duk ajin za a sa. Har kai.

Bakano: Ni cinyoyina sun mutu tun ɗari na biyu, ba abin da suke ji. Taka gwiwar ce mai magana.

Bazazzagi: Zan saya maka ramen, taliyar nan tasu mai romo. Da ƙwai.

Bakano: Albarka.

Bazazzagi: Zan goge maka daɓe sati guda.

Bakano: Ƙara dai.

Bazazzagi: Sati biyu, kuma labarin Iya ya tsaya a Kwangila.

Bakano: Ka ce "ni bawan Kanawa ne."

Bazazzagi: Wannan kam ko a gaban Sarki!

Bakano: Sensei! Mo ikkai!

Sensei: Osu! Ichi!